Tiyar Kaka da Tiyar Marka

Duk wanda ya tsaya a layin 'yan hatsi na kasuwar Gazawa a watan Nuwamba, ya kuma koma a watan Agusta, ya karanta rabin babin da ake koya wa ɗaliban tattalin arziki na ajin farko, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Da kaka amalanke na bin amalanke. Gero a buhu, gero a kwando, har da wanda aka ƙulle a bakin zane. Mai awo tana cika tiya ta yi mata tozo, ta ƙara tallabe tozon da tafin hannu, mai gero yana kallo ba ya cewa uffan, domin a bayansa akwai mutum goma masu jiran a auna nasu. Da marka kuwa mutumin nan ne dai zai dawo, hannunsa ba kwando sai ɗan ƙullin kuɗin baremar da ya yi a gonar wani. Tiyar ba ta sauya ba, amma tozon ya tafi, kuɗin kuma ya hau. Mai yiwuwa ma geron da zai saya nasa ne, ya yi rani a sito ya dawo masa da sabon farashi.

Littafin makaranta yana da suna ga irin wannan al'amari: gazawar kasuwa. Bayaninsa a taƙaice shi ne, in aka bar masu saye da masu sayarwa suka yi cinikinsu, yawanci kaya kan isa hannun mai bukatarsu ba tare da wani ya ba da umurni ba. Sai dai akwai wuraren da abin kan cije. Wani lokaci mutum ɗaya ko 'yan tsiraru ne ke riƙe da kasuwa. Wani lokaci ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba. Akwai aikin da amfaninsa ko cutarsa kan faɗa wa wanda ba ya cikin cinikin, kamar yadda masanin Ingila Arthur Pigou ya bayyana tun 1920. Akwai kuma abin da kowa ke so amma ba mai son biya shi kaɗai, irin hanya ko feshin fara. Daga nan sai littafin ya buɗe shafi na gaba ya ce: to, a nan ne gwamnati ke shigowa. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa.

Matsalata da wannan shafi na gaba ita ce sauƙinsa. Yana nuna gwamnati kamar wanzami ne da ke zaune da zabira, ana kiransa ya zo ya tsaga daidai inda ciwo yake. Mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji sun ga hannun hukuma a cikin hatsinsu da itatuwansu fiye da shekara sittin, kuma abin da suka gani bai yi kama da wanzami ba.

A ɗauki shekarar 2005. Daminar 2004 ta yanke da wuri a wurare da dama, fara kuma ta sauka a arewa. Gibin hatsin da aka lissafa wa Nijar baki ɗaya ya kai kimanin tan 223,000. Gibi ne, amma ba irin na 1973 ko 1984 ba. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne inda wahalar ta fi tsanani. Ba can cikin hamada ba ne, a nan kudancin Maraɗi ne, wurin da ake kira rumbun ƙasa. A watan Yuli buhun gero ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, ninki biyu zuwa uku na farashin kaka. Likitocin Na-gari-na-kowa, wato MSF, sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar, mafi yawansu daga jihar Maraɗi, kuma ɗaya daga cikin cibiyoyinsu a garin Agye take. Duk wannan ana yi kasuwanni cike da hatsi. Uwa za ta ratsa ta gaban buhunan gero da goyonta, ta wuce asibiti, a gida kuma tafasa da anza ake dafawa.

A nan ne fa gardamar take. Talaka ya ce 'yan kasuwa ne suka ɓoye abinci, kuma ba a rasa waɗanda suka yi hakan ba. Amma in aka bi sawun buhunan, abin da ya faru ya fi ɓoyo girma. Arewacin Najeriya ma farashi ya tashi a shekarar, kuma Maraɗi da Katsina da Kano kasuwa ɗaya ce mai iyaka a tsakiya. Abin da aka faɗa a kasuwar Dawanau ta Kano da safe, kafin la'asar ya iso Jibiya da Ɗan Isa. Gero da masarar da suka saba hawowa Nijar da bazara ba su hawo ba, wasu ƙasashe maƙwabta kuma suka tsuke fitar da nasu. Hatsi ya bi kuɗi. Wato kasuwa ta yi abin da aka san ta da shi, ba ta yi kuskuren lissafi ko na dala ɗaya ba. Jenny Aker, wata masaniyar Amurka da ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta nuna cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kasuwar ta ƙara wayo ke nan a daidai shekarun da yara ke mutuwa.

Saboda haka in ka tsaya kan ma'anar littafi tsantsa, za ka iya rantsewa cewa kasuwa ba ta gaza ba a 2005. Ni kuwa sai in ce ma'anar ce ta gaza. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya faɗi wannan a littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa, har da yunwar Bengal ta 1943: mutum ba ya mutuwa don babu abinci a gari, yana mutuwa ne don ba shi da abin da zai miƙa a ba shi. Kasuwa tana jin muryar aljihu, ba ta jin kukan ciki. Manomin da gonarsa ba ta kai eka biyu ba, ga iyali goma, ga akuyar da farashinta ya faɗi a ranar da gero ya tashi, a idon kasuwa ba mai bukata ba ne. Ba ta ma san yana nan ba.

Amma akwai gazawa ta ainihi, irin wadda littafin da kansa ya yarda da ita, kuma ba a layin 'yan hatsi take ba. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa manomi ke sayarwa da kaka alhali ya san abin da zai tarar da marka? Ba jahilci ba ne. Ya fi kowane ɗan boko sanin kalandar farashi. Kaka ce lokacin da kowa ke miƙo hannu. Ga bashin damina, ga haraji, ga auren da aka ɗage tun bara, ga suna, ga kuɗin motar yaron da zai tafi cin rani. Da akwai inda zai je ya ce ga buhu biyar jingina, a ba ni kuɗi zuwa watan Mayu, da bai sayar ba. Wannan wurin ne babu. Banki yana Maraɗi, kuma bankin ba ya karɓar rumbun kara a matsayin jingina. Bai san wane manomi ne mai cika alkawari ba, bincikawa kuma ta fi ribar tsada. Sai ya ƙi kowa.

Inda banki ya ƙi zuwa, mai kuɗin ƙauye ya zo. Sunan da mutane suka raɗa wa bashinsa ya ishi bayani: a-ci-ba-daɗi. Ka karɓi kuɗi ko hatsi da marka, ka biya da damma ko buhu da kaka, a kan farashin kaka. Wanda ya shiga wannan zagaye sau biyu a jere, a na uku gonar ce ke tafiya jingina. Kowa a yankin ya san gidajen da gonakinsu suka koma hannun 'yan kasuwa da ma'aikata ta wannan hanya. Ba na zagin mai ba da bashin, domin shi kaɗai ya buɗe ƙofa ranar da sauran suka rufe. Amma shi kaɗai ne, kuma wanda yake shi kaɗai a kasuwa shi ke yanka farashi. Ga gazawa biyu a wuri ɗaya: kasuwar bashi da babu ita, da ɗan abin da ya maye gurbinta yana hannun mutum guda.

To me hukuma ta yi a 2005? Da fari ta ƙi raba abinci kyauta. Hujjarta, da ta masu ba ta tallafi, ita ce kada a ɓata kasuwa, kada a koya wa mutane zaman jira. Aka zaɓi sayarwa a farashi mai rahusa, buhu jika 10. Tsari ne mai kyau a takarda. Sai dai wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, jika 10 da jika 30 duk ɗaya ne a wurinsa, kuma hatsin rahusar bai kai ya kawo ba. A farkon shekarar kuma aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari, har ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, su Nuhu Arzika, suka tsayar da birane cik a watan Maris kafin gwamnati ta sassauta. Rabon kyauta na gama-gari bai fara ba sai a watan Agusta, bayan hotunan yaran Maraɗi sun zagaya duniya. A watan ne kuma Shugaba Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar. Shekara biyu bayan haka MSF ta raba abincin rigakafin tamowa ga yara ƙanana kusan 60,000 a gundumar Gidan Rumji, tun kafin su kwanta. A 2008 gwamnati ta dakatar da reshen ƙungiyar na Faransa daga aiki a Maraɗi.

Wato a wurin da ya kamata hannun hukuma ya yi sauri, sai ya tsaya karanta littafi. Yanzu a dubi wurin da hannun ya yi nauyi.

Itace a gona misali ne da Pigou zai so. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Yana kuma karya iskar da ke binne shuka da rairayi, kuma wannan kariya ba ta tsaya a iyakar gonar mai shi ba, maƙwabci ma yana sha. Abu mai amfanar wanda bai biya ba, in ji littafi, kasuwa ba za ta samar da shi yadda ya kamata ba, sai hukuma ta sa baki. Hukuma kuwa ta sa. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, har zuwa ta 1974 bayan mulkin kai, an jera itatuwa masu kariya aka sa su ƙarƙashin ikon gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Ka sassare reshen gawon da ya tsiro a gonar kakanka, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara.

Manomi ya yi nasa lissafin. Itacen da zai jawo maka mai kaki har gona, ba ka da ikon saransa, kuma wani na iya zuwa da takardar izini daga birni ya sare shi, me za ka yi da shi? Ka kashe shi tun yana tsiro. Ga kuma malaman gona na lokacin gyaɗa suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture. Dokar da aka kafa don kare itace ta zama dalilin hallaka shi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Aka zuba kuɗi a gandun renon itatuwa, aka dasa dalbejiya da turare, akasarinsu suka mutu a ranin farko.

Abin da ya juya lamarin bai fito daga ofis ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonakin Maraɗi kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Aikin ba wuya. Ka tsuguna gaban tohon kalgo ko sabara mai rassa ashirin, ka zaɓi uku ko biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da lauje mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ka share rassan gindi, ka bar na kai. Abin da ka datse ya tafi murhu. Shekara uku, abin da kake tsallakewa ya fi ka tsawo. Mutane suka sa masa suna sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da abincin ya ƙare da yawa sun sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka zama abin kallo, maƙwabta suka kwaikwaya.

Amma dabarar datsa kaɗai ba ta isa ba, da ba a daina jin tsoron mai kaki ba. A shekarun 1980 da 1990 gwamnati ta talauce, ma'aikatan daji suka rage yawo, a wasu wurare kuma aka yi yarjejeniya da su cewa wanda ya rena itace nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka zo suka ƙarfafa abin da mutane suka riga suka fara. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata a ciki da makiyaya, suka sa doka da tara a kan mai saran dare, da goyon bayan ayyukan raya karkara da asusun FIDA ya ɗauki nauyi a yankin. Masu bincike da hotunan sama sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka sake yin itace a kudancin Nijar, itatuwa kusan miliyan 200. Babu wani shirin dashe na gwamnati a duk Sahel da ya kusanci wannan. Elinor Ostrom ta sami kyautar Nobel a 2009 saboda nuna cewa tsakanin kasuwa da gwamnati akwai hanya ta uku, ta jama'a masu kafa wa kansu ƙa'ida. Mutanen Ɗan Saga ba su jira ta ba.

Kada a ɗauka ina cewa hukuma ta tattara ta koma Yamai. Kwamitin ƙauye ba ya iya feshin fara, ba ya iya shimfiɗa hanya daga Gangara zuwa kwalta, ba ya iya shata burtalin da zai ratsa gundumomi uku. Abin da ya faru a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe Fulani sama da 100 a rikicin manoma da makiyaya, ya isa tunatarwa kan abin da ke biyo baya idan babu mai raba gardama. Tara ma da kwamitin Ɗan Saga ke yankewa, tana da ƙarfi ne don an san akwai hukuma a bayanta. Abin da hukuma ta yi daidai a maganar itace ɗan ƙarami ne: ta ce naka ne, ta kuma tsaya a kan maganarta.

Abin takaici, darasin bai ƙetara zuwa hatsi ba. Duk sa'ad da farashi ya tashi, hannu ya fi saurin zuwa kan iyaka. Tsofaffi har yau suna kiran yunwar 1984 da El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a shekarar. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Waɗannan daga ɓangaren Najeriya ne. A watan Oktoba na 2024 Nijar da kanta ta hana fitar da hatsi, har da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Niyyar a fili take, kuma ba mugunta ba ce: a tsare abinci a gida, farashi ya sauka. Amma a dubi watan. Oktoba kaka ce. Mai sayarwa a watan nan shi ne mutuminmu na layin tiya, kuma wake shi ne abin da yake nomawa don kuɗi, don ya samu ya bar gero a rumbu. Ka toshe masa mai sayen Kano, ka karya farashin wakensa, sai ya ƙara buɗe rumbun gero ya cike gurbin. Babban ɗan kasuwa kuwa ya sayi mai arha ya ajiye, ko ya bi ta hanyar daji da babura, ya lissafa abin da ya kashe a shingaye cikin farashi. Zamanin SONARA ma, kamfanin da aka kafa a 1962 ya riƙe cinikin gyaɗa, haka aka yi ta yi: duk shekarar da farashin hukuma ya gaza na ƙetare, gyaɗa kan san hanyar Katsina da dare. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe tsakanin tilasta wa mai ɓoye abinci ya fito da shi lokacin tsanani, da yanka wa kowa farashi. Sun fi sauƙin yarda da na farko, suna ɗari-ɗari da na biyu. Ina ganin sun fi wasu masu digiri hangen nesa.

In ciwon yana wurin bashi da ajiya, can ya kamata a tsaga. An ma san yadda ake yi. Tun 1999 wani aikin hukumar FAO ya shigo da tsarin jinginar hatsi a Nijar. Ƙungiyar manoma ta tara buhunanta da kaka a sito ɗaya, asusun bashi ya ba su wani kaso na kuɗin hatsin a farashin ranar, a rufe ƙofa da kwado biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusu. Babu mai buɗewa shi kaɗai. Da kuɗin a yi kiwon rago ko ƙuli-ƙuli ko noman rani. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe, kowa ya ɗauki buhunsa ya ci ko ya sayar a farashin bazara. Kwado biyun nan su ne amsar matsalar da ta hana banki zuwa: ba sai ya san halin manomi ba, ya san buhu. A ƙauyukan Agye kuma an gwada rumbunan tsimi na mata, masu ba da hatsi da marka a mayar da kaka da ɗan ƙari kaɗan, don maigida ya samu ya yi noman gonarsa maimakon ta wani.

Tsarin yana da nasa rauni. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi, sai manomi ya biya ruwan bashi a banza. Wanda bai noma abin da ya kai buhu ba, ba shi da abin jingina, shi kam sai taimako kai tsaye, kuma tun watan Mayu, ba Agusta ba. Bankunan cimaka da yawa sun mutu saboda kwamiti ya cinye ko dangi sun ƙi biya. Asusun bashi na karkara su ma jarinsu kaɗan ne, sukan zo da kuɗin a Disamba bayan an gama sayarwa. Amma duk waɗannan ayyuka ne da suka dace da hannun hukuma: ta gina sito mai kyau, ta tsaya wa asusu a baya don ya fito da kuɗi a kan kari, ta sa hukumar hatsi ta OPVN, wadda ke nan tun 1970, ta yi sayayyarta da kaka daga ƙungiyoyin manoma kai tsaye, ba daga manyan 'yan kwangila da bazara ba. Sai dai sito ba ya shiga labaran ƙarfe takwas kamar yadda dokar rufe iyaka ke shiga, kuma buhun da aka hana shi fita daga ƙauye a Nuwamba ba wanda zai ɗauki hotonsa ana miƙa wa wata tsohuwa a gaban gwamna.